Notin da Na Ƙulle a Gefen Mayafi

Hadiza, Sadiƙu, Ummi, kun tashi kuna jin cewa yayanku Auwalu ya taɓa bindigar Abbanku a ɓoye, shi ya sa ya bar gida. Ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku, a bakin gwaggonninku kuka tsinta, kuka riƙe har kuka girma. Na rubuta wannan babi ne don in cire muku maganar daga zuciya. Ina rubutun a Guangzhou ta ƙasar Sin, a ɗakin da na saba sauka, a tafiyar da nake jin ita ce ta ƙarshe, don gwiwoyina sun daina yarda da matattakalar kasuwa.

Sai na fara da halina, in ba haka ba ba za ku gane ba. Tun ina budurwa littattafan soyayya suka yi mini gida a ka. Haya nake karɓowa a bakin kasuwa, in karanta ina tuƙa tuwo, in karanta ina tsifar kai. A cikinsu namiji ba ya iya cin abinci in matarsa ta yi tafiya, mace kuma ba ta fita sai ta ɗauki wani ɗan abu nasa ta ɓoye a jikinta. Da wannan kan na shiga gidan Abbanku, Sufeto mai ritaya, wanda matarsa ta rasu ta bar masa Auwalu yana ɗan shekara tara. Mutumin kirki ne, kun sani. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma shekara goma sha biyar muna tare, kalmar da ta fi kowace taushi da na ji daga bakinsa ita ce, “Kin ci abinci?”

Libarbar nan, ƙaramar bindiga mai juyi, gadon mahaifinsa ce, wanda ya yi aiki tun zamanin Turawa. Tana da takardar izini, kuma ko harsashi ɗaya babu a gidanmu. Kowace Asabar bayan karin kumallo sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti, ya kwance ta, ya goge, ya shafa mai. Notunanta kuwa jera su yake daga hagu zuwa dama, yana cewa ko da sun yi kama a ido, kowanne da raminsa, in ka musanya ka ɓata. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda yake juya ƙarfen nan a hankali kamar mai riƙe jariri, in ce a raina ashe hannun nan ya iya lallashi.

Ranar da zan yi tafiyata ta farko zuwa Sin Asabar ce. Na shiga yi masa sallama na tarar maƙwabci ya kira shi ƙofar gida, faranti na nan a buɗe. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin notunan, wanda ke riƙe murfin gefe, bai fi ƙwayar shinkafa da rabi ba, na ƙulle shi a gefen sabon mayafina ruwan ƙasa mai aikin zare a baki. Na riga na tsara yadda labarin zai tafi. Zai nema ya rasa, ya gane ni ce, ya kira ni. Ni kuma in yi dariya in ce yana wurina, na tafi da shi ne don kullum ya tuna akwai abin da ya ɓace masa a gida. Bayan na fito, Auwalu ya shiga ɗakin ya ɗauko makullin mota, ya ɗauki jakunkunana, ya kai ni filin jirgi. Lokacin yana da shekara ashirin da huɗu, yana aiki a garejin gyaran mota.

A Guangzhou hannun Hajiya Zinatu aka damƙa ni, 'yar zangon Kumasi, wadda ta daɗe a garin tana yi wa mutane lodin kaya. Mace ce mai faɗin murya, ga Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji, ga harshen Sinawa na ciniki a bakinta. Ita ta koya mini cewa lawban shi ne mai shago, meyo kuma babu. Garin ya ɗauke mini hankali. A titin Zhanxi na ga takalma hawa kan hawa har wuyana ya gaji, na ga 'yan Kano da na sani tun a kasuwar Kwari suna jan buhu suna gumi kamar ba su ba. A rana ta uku muka shiga Baima, kasuwar tufafi. Wata mai shago ta kama gefen mayafina tana murzawa, ta ce za su iya yi mini irinsa sak, ko nawa nake so. Hajiya Zinatu ta ce haka ake yi a nan, samfur kake bari su kai masana'anta su kwaikwaya. Na cire mayafin a tsaye, ta ciro wani a jakarta ta yafa mini, muka wuce ina ta murna na zama 'yar kasuwa. Wallahi ban tuna da ƙullin ba. Abbanku ya kira sau biyu a kwanakin, ya tambaya ko na gane alƙibla, ya tambaya ko na ci abinci, bai ce komai game da noti ba. Na yi fushi kwana ɗaya, daga nan kasuwa ta shafe maganar.

A rana ta takwas, da hantsi, muna cikin shagon jakunkuna, wayata ta yi ƙara. Auwalu ne, ina jin hayaniyar tasha a bayansa.

“Anti, na kira ne in yi miki sallama. Fatakwal zan tafi.”

Na fita waje na jingina da bango. Ya ba ni labari a hankali, ba kuka ba fushi. Abbanku ya share ɗakin sau uku, ya ɗaga katifa, ya tankaɗe sharar da rariya. Da ya rasa sai ya tuna wanda ya shiga ɗakin a ƙarshe. A watan nan an kama samari biyu a layin garejinsu suna ƙera bindigar gida, sai ya ɗauka Auwalu ya kai musu notin ne su duba, ko kuma ya daɗe yana taɓa bindigar ba a sani ba. Ya tara gwaggonninku da Kawu Habu, ya tambaye shi a gabansu. Auwalu ya rantse. Abbanku ya ce ya ji rantsuwa da yawa a ofis.

“Wannan maganar ce ba zan iya kwana da ita a gidan ba,” in ji Auwalu. “Anti, ke kika raine ni, kin san hannuna. In kin dawo ki faɗa masa.”

Hannuna ya tafi gefen mayafi, ya tarar da mayafin aro. Maganar ta zo mini har kan harshe. Kalma biyu ce kawai: ni ce. Amma sai na hango kaina, mace mai shekara arba'in, uwar 'ya'ya uku, ana ba da labarina a gidajen suna da biki, wai ta saci notin bindiga don miji ya yi kewarta. Na ce masa ya yi haƙuri, zan yi wa Abba magana. Ya yi mini godiya. Har yau wannan godiyar ce take hana ni sukuni.

Na gaya wa kaina abin mai sauƙi ne. In karɓo mayafina, in koma gida, in jefa notin ƙarƙashin kabad, in yi shara in tsinta. Auwalu ya wanku, ni ma ba wanda ya sani. Na koma Baima a guje, mai shago ta ce meyo, samfur yana masana'anta, sai an gama aiki. Kwana goma na jira.

Aka kawo mayafan zuwa siton Hajiya Zinatu, inda ake cika kwantena kafin a kai tashar jiragen ruwa ta Nansha. Muka yanka kwali na farko. Mayafan sun yi kyau, launi sak, aikin zare sak. A gefen kowanne kuma akwai ƙulli. Sun ɗauka ado ne, sun kwaikwaya har shi, mayafi ɗari biyar da ƙulli ɗari biyar. Hajiya Zinatu ta yi dariya har ta zauna a kan kwali tana share hawaye, tana cewa in ka ba mutanen nan riga mai ƙonewar guga, da ƙonewar za su ɗinka maka. Sai ta dubi fuskata, dariyar ta yanke. A nan, cikin zafi da warin sabon yadi, na faɗa mata komai. Ita ce mutum ta farko da ta ji, kuma shekaru masu yawa ita kaɗai ce bayan Abbanku.

Ba ta zage ni ba. Ta gyara zama ta ce mu kwance su, ko Allah zai sa wani ma'aikaci ya mayar da shi cikin ɗaya. Tun azahar muke kwancewa har la'asar sakaliya, farcena ya karye, kowane ƙulli iska ce a ciki. A ƙasan kwali na ƙarshe muka sami samfurin a leda, an yanka shi gunduwa-gunduwa don fitar da awo. Ga gefen nan da alamar ƙulli, ga ɗan tabon baƙin mai a tsakiya, ba noti. Mai shago ta kira masana'anta a gabanmu, aka ce kullum da yamma ake share ƙasa a kwashe.

Na ce to zan sayi wani. Ai a garin da ake ƙera komai ba za a rasa noti ɗaya ba. Hajiya Zinatu ta kama hannuna ta matse.

“Saurara, ƙanwata. A ƙasar nan ko da wasa kada ka ce bindiga. Kada ka zana, kada ka nuna da yatsa. Ka ce na tsohon keken ɗinki ne, in ba haka ba ni da kai duk a ɗaure za mu tsufa.”

Haka muka shiga kasuwar ƙarafa, layi bayan layi, shaguna cike da notuna a buhu kamar gero. Ina zuwa in buɗe tafin hannu in nuna girma, su tambayi lamba, ba ni da lamba. Wasu su kawo awo guda su zube mini a tebur, wasu su ce meyo tun ban rufe baki ba, wasu su tambayi kwali nawa nake so, in na ce ƙwaya ɗaya su juya baya. Na ɗaga ranar komawata sau biyu. Na ce wa Abbanku kaya ne ba su fito ba. Ya ce in kula da kaina.

A mako na huɗu aka kwatanta mana wani tsoho a can ƙarshen layi, shagonsa bai fi faɗin tabarma ba, bango duk 'yan akwatuna. Shi kaɗai ne ya ba ni kujera. Na miƙa masa guntun mayafin mai tabo, na kwatanta masa kan notin mai ɗan tudu, da tsagar da ta ɗan ci a gefe ɗaya, da launinsa baƙi mai shuɗi. Ya sa gilashi a ido ya daɗe yana duban tabon. Ya ciro wani ma'auni mai haƙora kamar mataji ya nuna mini, Hajiya Zinatu tana fassarawa. Ya ce tsawo da kauri ba su ne matsala ba, haƙoran jikin noti su ne. Nasu na yanzu da milimita ake yanka su, tsofaffin kayan Ingila kuwa da inci, a cikin incin ma kowane kamfani da irin yankansa. Ido ba ya rabewa, rami ne ke rabewa. Ya dube ni ta saman gilashi, ina jin ya san ba keken ɗinki ba ne, amma bai tambaya ba. Ya ce hanya uku ce: in kawo ramin, ko in kawo ɗan'uwan notin, ko in kira mai abin ya auna ya faɗa mini.

Hajiya Zinatu ta gama fassara ta ƙara da nata.

“Ka ji tsoho. Ga waya, kira mijinka. Yaron mutane yana can yana kwana a gareji.”

Na karɓi wayar. Na shigar da lambar Abbanku, na daɗe ina kallonta a jiki. Sannan na mayar mata, na ce ta gaya wa lawban ya zaɓo mini mafi kama. Wannan ita ce shawarar da na yanke, da rana tsaka, cikin hankalina, a kan kujerar roba, ba wanda ya tilasta ni. Ta farko, da na jingina da bango ina waya da Auwalu, wautar tsoro ce, wannan kuwa zaɓi ne.

Tsohon ya girgiza kai ya zaɓo ɗaya. Ya riƙe shi da awartaki ya gasa a wuta, ya tsoma a mai, ya fito baƙi mai shuɗi kamar na gaske. Ya ɗan goga tsagar da zarto yadda na kwatanta. Da zai ba ni sai ya ce in faɗa wa mai keken, in bai shiga da daɗin rai ba kada a matsa masa, in an matsa ramin ne zai lalace har abada.

Na dawo Kano na tarar gidan ya yi sanyi. Kuna nan ƙanana, Ummi tana ta tambaya ina Yaya. Lambar Auwalu ta daina shiga. Farantin Abbanku yana kan kabad a lulluɓe, tun ranar bai harhaɗa bindigar ba. Na bari kwana biyu suka wuce. Ranar Asabar na shiga da tsintsiya, na durƙusa, na tura hannu ƙarƙashin kabad, na yi salati kamar yadda na yi ta gwadawa a raina cikin jirgi. Abbanku ya taso da sauri. Ya sa tabarau, ya ɗauko sukundireba, ya ɗora notin a bakin rami. Ya juya rabin juyi, notin ya tsaya. Bai matsa ba. Ya ciro shi ya kai taga ya duba a haske, ya daɗe.

“Rabi, wannan sabo ne. Gasa shi aka yi ya yi baƙi.”

Ya juyo ya dube ni.

“Haƙoransa ba na ƙasar nan ba ne. Tare kuka zo.”

Na zube a wurin na faɗa masa, tun daga farantin har tsohon kasuwar ƙarafa. Na jira tsawa, na jira saki. Ya zauna a bakin gado, notin a tafin hannunsa, na ga ya tsufa a gabana. Da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne da na faɗa masa ina son abin tunawa, da ya ba ni agogonsa. Can kuma ya ce ba wanda zai ji wannan magana, ba za a yi da matarsa a bakin dangi ba.

Washegari ya hau mota zuwa Fatakwal. Kwana biyar ya yi yana bin gareji-gareji har ya same shi. Da ya dawo shi kaɗai, a taƙaice ya ba ni labari, yana cire takalmi. Ya ce wa Auwalu an gano ba shi ba ne, ya zalunce shi, ya yafe masa ya dawo gida. Auwalu ya goge hannu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya tambaya wane ne ya ɗauka. Ya ce a gaban mutane aka kira shi ɓarawo, to a faɗi sunan mai abin a gaban mutanen nan, ranar zai dawo. Abbanku ya yi shiru. Auwalu ya ɗauka shirun na nufin har yanzu ana zarginsa, tausayi ne kawai ya kawo uban. Ya raka shi tasha, ya koma aikinsa.

Ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Da na ji haka, kafin kuka ya zo, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji. Na ce ashe yana sona, ga shi ya zaɓe ni a kan ɗan cikinsa, abin da ban taɓa karantawa a littafi ba. Daɗin bai kai sa'a guda ba. Abin da na tafi Sin da noti ina nema ya zo mini, an biya shi da Auwalu. Kuma ko a ranar ina iya yafa mayafi in je gidan Kawu Habu in faɗa da bakina. Ban je ba. Na ce sai bayan salla, na ce sai an yi bikin Hadiza, na ce ai Abbanku ne ya hana. Shi kuwa bai sake shimfiɗa farin ƙyallen nan ba. Asabar ta zo ya zauna a ƙofar gida yana kallon titi. Bai taɓa yi mini gori ba, kullum sai ya tambaya ko na ci abinci, a lokacin ne na fara jin abin da ke cikin tambayar.

Shekara shida bayan haka ya rasu. Auwalu ya zo ta'aziyya, ya sauka a zauren maƙwabta, bai kwana a gidan ba. Ya shigo ya durƙusa ya ce, “Anti, ya haƙuri?” Gwaggonninku suna ta kallonsa ta gefen ido. Na riƙe hannunsa, hannun da ya ce na sani, duk ya yi kanta, na ce haƙuri sai ma'abocinsa. Libarbar kuwa Kawu Habu ya miƙa wa hukuma, da raminta a buɗe.

Shekaranjiya na sa aka kai ni kasuwar ƙarafa. Shagon tsohon yanzu rigunan waya ake sayarwa, ba wanda ya san inda ya tafi. Hajiya Zinatu ta koma Kumasi, ta rasu bara, ta tafi da sirrina ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko da yake duk haɗuwarmu sai ta tambaye ni ko na kira yaron. Na kira shi sau biyu daga ɗakin nan. Ya ɗauka, da furfurarsa da 'ya'yansa huɗu da ba su san gidan kakansu ba, ya ce Anti ina wuni. Na tambaye shi ko ya ci abinci.

Don haka Sadiƙu, kai zan ɗora wa. Kafin kowa ya ga littafin nan, ka cire waɗannan shafuka ka kai masa Fatakwal hannu da hannu. A ƙasan akwatina na gida akwai mayafi ruwan ƙasa, ɗaya daga ɗari biyar ɗin, da ƙullin da na sake yi a gefe. Notin tsohon nan ne a ciki, wanda bai shiga ba. Ka haɗa masa da shi. Kada ka roƙar mini gafara, wannan nasa ne, ya bayar ko ya hana. In na dawo kuma ku tara mini gwaggonninku da suka rage da Kawu Habu, a ɗakin da aka tara su wancan karon, Hadiza ta karanta musu ina zaune.

Auwalu, ka yi wa mahaifinka tambaya a bakin gareji, ya kasa ba ka amsa saboda ni. Ni na ɗauka.